Daminar da Kawu Ɗanladi Ya Yi Ta Kirana

Ruwan bana ya zauna da wuri. Kafin watan shida ya raba an gama shuka a ƙauyenmu, yanzu gero ya kai ƙugu, wake ya fara yaɗo tsakanin kunyoyi. Shekaranjiya na zo daga Kano gaida mutanen gida. Mota ta sauke ni a bakin titi wajen Shanono, na hau babur muka ratsa gonaki. A gefen namu babu daji, gona ce ke kama gona, gida yana hango gida, sai kuka da ɗorawa nan da can. Mai babur yana ta ba ni labarin wane ya shuka me, ni kuwa idona yana kan gonar Kawu Ɗanladi da ke gangaren rafi. Gero ne da dawa daga wannan iyaka har waccan. Ko tushe ɗaya na masara babu, kuma na san dalili, domin ni ce dalilin.

Shekara biyar ke nan. A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai sayar wa manoma ingantaccen iri da maganin ƙwari, yana kuma ba su shawara kyauta. Mu takwas ne duka-duka. Ni ce mai kula da kwamfuta, wato ni ake ƙwala wa kira idan firinta ta ƙi aiki ko wani ya manta lambar sirrinsa. Da bazarar shekarar, mai gidan da muke haya a Kano ya ce zai rushe ya gina shaguna. Oga bai nemi wani ofis ba. Ya ce da ma zaman birnin bai dace da mu ba, kowa ya koma kusa da manomansa, wani Tofa, wani Gezawa, wani Shanono, ni kuma in zauna a gidan mijina in riƙe su duka ta intanet.

Abu ɗaya ne ya tsaya mana, shi ne wayar ofis. Wata tsohuwar waya ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba, kuma ba ta barin aljihun Malam Ilu, dattijon malamin gona da ya girme mu duka. Lambarta ce manomanmu suka haddace. Sai dai ba kira suke yi ba, filashin suke yi: mutum ya kira, ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe kafin a ɗauka don kada a ci masa kati, sai Malam Ilu ya biyo shi da kira. Har tsari ne da su wanda ba wanda ya taɓa rubutawa. Filashin ɗaya gaisuwa ce. Biyu tambaya ce, ba gaggawa. Uku kuwa, ko abinci Malam Ilu yake ci sai ya wanke hannu. Yanzu ga shi zai koma Gezawa, waya ɗaya, mu takwas a warwatse. Oga ya ce in nemo manhajar da za ta haɗa mana hira da takardu da taro, ta kuma ɗauki wannan lambar yadda duk wanda ya kira za ta kai shi ga wanda ya dace.

Cikin azumi aka ba ni aikin, azumin da ya faɗo a tsakiyar zafi. Na tuna ina zama a kan siminti da jiƙaƙƙen zani a kafaɗa, kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunne, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya tana kallona. Bakina a bushe, amma kaina a kumbure, domin karo na farko ke nan da aka ce abin da na zaɓa shi za a yi. Manhaja uku na gwada. Ta farko hira da takardu kawai ta iya, babu waya, na ture ta gefe. Ta biyu mummuna ce, ba ado ba launi. In an kira lambar, sai wayoyinmu su yi ta ƙara har wani ya ɗauka, in ba a ɗauka ba ta rubuta cewa wane ya kira, shi ke nan aikinta. Ta uku ita ta tafi da ni. Ga taro ta bidiyo, ga ma'ajiyar takardu, ga murya mai ɗaukar kira nan take ta yi wa mutum maraba ta ce ya danna kaza, ga ta tana ajiye sautin kowane kira, ga rahoton mako mai zane kala-kala. Ina ganinta na hango kaina ina nuna wa Oga, yana gyaɗa kai.

Ranar da muka gwada ta a taro, fuskar kowa ta fito a allo ban da ta Malam Ilu, shi hularsa da goshinsa kawai muke gani. Na yi bayani na kusan rabin awa, ina jefa Turanci inda Hausa ma za ta wadatar. Da na gama, sai hular ta motsa.

"Malama, ni tambayata ɗaya ce. In manomi ya yi filashin, zan gani?"

Samarin cikinmu suka yi dariya, ni ma na taya su. Na ce, "Malam, ai wannan ta wuce maganar filashin. Komai za ka gani."

Ban gwada ba. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ina kewayewa. Wayar mijina tana kan tabarma kusa da ni, minti ɗaya ya ishe ni in yi filashin in ga abin da zai faru. Ban yi ba, saboda tambayar ta yi mini kama da ta tsohon da ke tsoron sabon abu, kuma ina jin ƙishirwa, ina so a tashi.

Muryar da za ta riƙa ɗaukar kiran ma tawa ce. Na shiga ɗaki na rufe taga saboda zakaran maƙwabta, na yi ta maimaitawa har ta fita yadda nake so. Kuma da yake na san mutanenmu ba sa son a faɗa musu magana ba gaisuwa, sai na tsawaita ta. "Assalamu alaikum. Barka da kira. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya gona?" Har ɗan shiru na bari bayan kowace tambaya don ta yi daɗin ji. Sannan in ce don maganar iri a danna ɗaya, don maganar ƙwari a danna biyu, don magana da malamin gona a danna uku. Na saurara na ji na burge kaina. Aka cire layin daga tsohuwar wayar aka mayar da shi cikin manhaja, aka saya wa Malam Ilu waya mai shafawa da sabon layi wanda ko shi bai haddace ba.

Da ƙaramar sallah na zo ƙauye da buhunan irin masara biyu a bayan mota. Kawu Ɗanladi ƙanin mahaifiyata ne, a gidansa na yi shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina rarrafe. Na same shi a zaure, na zauna na yi ta zuba masa bayanin masara, yadda take cika rumbu, yadda 'yan kasuwa ke bin ta har gona. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Uwata, gero na san halinsa, shi ma ya san nawa. Masara baƙuwa ce a gonar nan, ga son taki, ga saurin fushi. In ta yi mini wani abu, wa zan tambaya?"

"Mu za ka tambaya, Kawu. Lambar Malam Ilu tana nan yadda ka san ta, ni ce ma nake kula da ita yanzu. Da ka ga abin da ba ka gane ba, ka neme mu a can. Amma kada ka kira layina na gida, maganar gona a can ake ajiye ta."

Wannan na ƙarshen doka ce da ni kaina na kafa wa ma'aikata, don duk kira ya shiga rahotona. Ya ce to. Saboda ni ya ba masara babbar gonarsa ta gangaren rafi, ya bar wa gero 'yar ƙaramar da ke bayan gida.

Na dawo ranar shuka. An kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shinge ya fito yana ta shawagi, kaji suna bin sa a guje. Duk ƙauyen ya fita. Kawu yana gaba yana sara da sungumi, Inna Lami matarsa da 'ya'yansu mata suna biye, a jefa ƙwaya biyu a take da diddige. Ni ma na cire takalmi na shiga layi, laka mai sanyi tana fitowa tsakanin yatsuna. Da hantsi aka kawo fura a ƙwarya muka sha a gindin ɗorawa. Kawu ya dubi gonar ya ce, "To, baƙuwa, mun sauke ki." Na ɗauki hotuna na tura wa abokan aiki tun ina kan hanya.

Daga nan damina tawa da tasu suka rabu. Tawa a ɗaki na yi ta, ruwa yana dukan kwano, ni ina gaban kwamfuta. Manhajar tana aiki kamar yadda aka yi alkawari. Muna taro duk Litinin, takardu ba sa ɓata, manyan manoma masu kati a waya suna kira suna danna lamba ana haɗa su da wanda ya dace. Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. A rahoton mako akwai wani jan sashe mai nuna kiran da aka yanke ba a danna komai ba, kuma kullum girma yake yi. Oga ya tambaya, "Wannan jan na mene ne?" Na ce yara ne masu wasa da waya, da masu kuskuren lamba. Da aka tashi na shiga bincike, na samo wani ɗan akwati da in ka taɓa shi irin wannan kira ya daina bayyana ga kowa. Na taɓa. Rahoton makon da ya biyo baya ya fito kore shar, Oga ya yaba mini a gaban kowa.

Malam Ilu ne kaɗai bai ji daɗi ba. A wani taro cikin watan bakwai ya ce, "Ni fa wayata ta yi shiru bana, ban saba ba. Damina ba ta shiru." Na ce ai alamar irin namu yana da kyau ke nan, ba wanda ke da ƙorafi. Daga baya na ji ashe babur ya riƙa hawa yana bin manomansa na Gezawa gona-gona. Shanono kuwa ta yi masa nisa, ma'aikacinmu na can sabo ne, kuma rafi ya kawo ya raba ƙauyenmu da titi kusan mako uku.

Sai da kaka na koma, da waya cike da caji, zan ɗauki hoton masarar Kawu in sa a rahoton shekara. Tun daga kan babur na hango gonar. Kara ne tsaye gajeru, ganye duk a yayyage, goyon da ya samu fitowa bai wuce babban yatsa ba, in ka ɓare shi rabi a cinye. Na sauka na tsaya, ban ko ciro wayar ba.

Kawu ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kama mini zabuwa. Da na ta da maganar gona sai ya ce, "Allah bai nufa ba bana," ya shiga tambayata mijina. Ya yi mini duk abin da ake yi wa baƙo, kuma abin da ya dame ni ke nan, domin ni ba baƙuwa ba ce a gidan. Da la'asar na sami Inna Lami a bayan ɗaki tana sussukar ɗan geron da aka samu. Na karɓi taɓarya ina taya ta, ita ce ta ba ni labarin.

Tsutsa ce ta sauka masarar tana gwiwa. Ta shige can cikin zuciyar kowane tushe, da safe sai ka ga ganye da huda-huda, ga kashinta kamar dusa. Kawu bai taɓa ganin irinta ba. Da abin ya yi yawa ya kira gayya, maza da mata suka fito kusan su talatin, kowa da gwangwani. A buɗa zuciyar masara da yatsa, a zaƙulo tsutsa a jefa a gwangwani, a zuba toka da yashi a wurin. Tun daga hantsi har rana ta karkata suna sunkuye, ga yayyafi, ga ƙaiƙayin ganye a damtse. Inna Lami ta ce tokar murhun ƙauyen gaba ɗaya sai da ta ƙare, har gidan mai jego aka je aka kwaso. Kwana biyu gonar ta yi kamar ta farfaɗo, a na uku aka ga sababbi. Ya aika kasuwa aka sayo wani magani a kwalba mara takarda, aka fesa da tsakar rana, ya ƙona ganyen, tsutsar ko a jikinta.

Maganin da ya dace yana jibge a shagonmu na Shanono. Bayaninsa bai fi na minti biyu ba, a fesa da yamma, a nufi zuciyar, tun tsutsar tana ƙanana. Na ce, "Inna, me ya hana Kawu ya neme mu?"

Ta tsayar da taɓarya ta dube ni. "Ya neme ki mana."

"Ni?"

"Ke. A kan tudun makabarta kaɗai ake samun sabis, kullum sai ya hau. Ya ce ko ƙara ba ta yi kike ɗauka. Ki gaishe shi, ya amsa, yana miki bayani ke kina ta maganarki, kina ƙirga masa ɗaya, biyu, uku. Katin ya ƙare, ya sayar da ƙwan zabi ya sa wani, ya sake hawa. Na ce ya kira layinki na gida, ya ce ai ke kika hana, kuma ai kin ji shi."

Na ci gaba da daka har hannuna ya yi kanta, washegari da sassafe na gudu Kano.

Ina isa, ko mayafi ban cire ba na buɗe kwamfuta na cire alamar da na sa a ɗan akwatin nan. Jerin ya zubo, na yi ta jan sa ƙasa ba ya ƙarewa. Lambobin manomanmu ne, na Tofa, na Gezawa, na Shanono. Yawanci sau ɗaya ko biyu suka gwada, suka ga ana cin katinsu, suka haƙura. Lambar Kawu kuwa uku-uku take zuwa, kwana tara a jere. Kusa da kowane kira akwai sautinsa a ajiye. Na danna na farko.

Na ji muryata tana sallama, mai daɗi, mai natsuwa. Sai tasa, da iska a bayanta. "Wa alaikumus salam, Uwata. Af, kin ɗauka? Lafiya lau. Iyali lafiya. Gona, to, gonar ce dai. Wata tsutsa ce, Uwata, ta shiga…" Muryata ta hau kan tasa tana cewa a danna ɗaya. Ya katse maganarsa. Sannan a hankali ya ce, "To, gama, ina jin ki." Haka ya yi ta yi, kullum ya amsa gaisuwar tiryan-tiryan, ya jira in gama. A kiran ƙarshe bai amsa ba. Ya saurara har na kai uku, ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka," ya kashe.

Na gaya wa Oga cewa manhajar tana da matsala da filashin. Haka na faɗa, manhajar. Aka cire muryar, aka mayar da lambar tana ƙara kamar da, duk kiran da aka yanke yana zuwa wayar Malam Ilu. Cikin awa ɗaya na gyara abin. Malam Ilu bai ce ya gaya mini ba. Da ma ya faɗa, da na ji sauƙi.

Da rani na aika wa gidan Kawu shinkafa da mai. Inna Lami ce ta aiko da godiya, shi bai kira ba. Sai daga baya wata 'yar ƙauyenmu ta ce mini, cikin hira, ai Kawu ya yi wata uku a Kano yana tura kurar ruwa. Mutumin da ya haura sittin, wanda rabonsa da cin rani tun kafin a haife ni. Unguwar da ya yi aikin ba ta fi tafiyar minti goma sha biyar daga gidana ba, kuma ya san gidan, shi ya kai ni lokacin aurena. Bai taɓa leƙowa ya sha ruwa ba.

Yunwar gaske sai da damina ta zagayo ta zo, lokacin da rumbu ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba. Na ɗauki hutu na je na yi mako guda. Yanzu an kafa ƙarfen sabis a ƙauyen, matasa daga kan gado suke tura hoton tsutsa a ba su amsa kafin su gama karin kumallo, kuma shaguna sun yi yawa. A lokacin ba haka ba ne, kuma ba gidan Kawu kaɗai ba, duk wanda ya bi shi ya shuka masara yana cikin hali ɗaya. Da asuba Inna Lami ta dama kunu tsararo, wanda kana iya hango gindin kofi, a sha a tafi noma. Da azahar 'yan mata su dawo da tafasa da rama daga bakin gona, a dafa a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli. Ina jin warin tafasar nan har yau in hadari ya haɗo. Tuwo sau ɗaya ne, bayan magariba, kuma Inna Lami da mara take auna shi tana kallon fuskar kowa. Abin da na kawo a jaka ta raba shi gida huɗu kafin in ankara, ta ce ba ta iya ci maƙwabta suna jin ƙamshi. Kawu kan ci loma uku ya ture kwano ya ce ya ci a wajen abokai. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kafaɗarsa ta dama kuma ta sauka, ba ta koma daidai ba har yanzu.

Duk makon yana kirana Uwata, amma ba ya kallon idona. Ranar da zan tafi aka yi ruwa da safe, ba a fita gona ba. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na shimfiɗa tabarma na zauna gabansa, na ajiye wayata a tsakaninmu, na kunna tsohuwar gaisuwar, na rufe bakina.

Muryata ta yi sallama. Har ya buɗe baki zai amsa, sai ya dubi wayar, ya dubi bakina. Ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi gona, ta shiga ƙirga. Da ta ƙare na sake kunnawa, ta maimaita komai, har da inda na ja numfashi.

"Inji ne, Kawu," na ce. "Murya ce aka ɗauka aka ajiye, duk wanda ya kira ita yake ji. Ba ta jin mutum. Ni ban ji ka ba a lokacin, wallahi ban ji ka ba."

Ya ajiye fartanyar. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, da hawaye a cikinta.

"Lami!" ya ƙwala. "Lami, zo ki ji! Ba ita ba ce!"

Inna Lami ta fito da hannu duk toka, ya sa na kunna mata. Yana nuna wayar yana cewa, "Kin ji? Bakinta a rufe yake. Muryarta suka ara suka sa wa inji." Ya juyo gare ni, karo na farko a shekara guda ya kalle ni sosai. "Uwata, ni masarar tun ranar na bar wa Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a ce kin ji muryata ina cikin wannan hali, kika ci gaba da ƙirga. Na yi ta neman abin da na yi miki, ban samu ba." Ya share ido da hannun riga. "Amma wanda ya kawo muku injin nan bai san manomi ba. Allah ya shirye shi."

Sauran maganar tana bakina, na shirya ta tun daga Kano. Ni na zaɓi injin. An tambaye ni, na ce za a gani ban duba ba. Kiranka ya zo, ni na ɓoye shi da yatsana don rahotona ya yi kyau. Na buɗe baki, sai na ga yadda fuskarsa ta saki, ya zama Kawun da na sani.

"Ashe ba ke ba ce," ya sake cewa, kamar mai tambaya.

Na ce, "Ba ni ba ce, Kawu."

Da azahar ya tafi masallaci tun kafin a kira salla, ya tsaya a ƙofa yana gaya wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafin in hau babur mata sun fara shigowa suna cewa ashe inji ne, in yafe musu zargin da suka yi mini. Na yafe musu. Har yau in baƙo ya zo ina nan, Kawu yakan nuna ni ya ce wannan ce Uwata, wadda inji ya yi wa ƙarya. Ni kuma sai in sunkuyar da kai, su ce yarinyar akwai kunya.